Idan Guguwa Ta Riski Jirgin Yawo a Tsakiyar Teku, Me Ke Faruwa?

  

Yau teku za mu shiga. Na san wani zai ce, mu da wasunmu ko Kogin Kwara ba su taɓa gani ba sai a hoto, ina ruwanmu da teku? To ku ɗan yi haƙuri ku ji. Na tabbata kun sha cin karo da irin bidiyon nan a TikTok ko Facebook: ƙaton jirgin ruwa kamar unguwa guda, mutane na zaune suna cin abinci, kawai sai ka ga tebura da kujeru sun kwasa sun yi gefe ɗaya, faranti na tarwatsewa, dattawa na rarrafe, ruwa na dukan taga a hawa na biyar. Kana gama kallo sai wani bidiyon ya biyo baya, ana tallar tikitin yawo a teku da rangwame, ko kuma ana cewa ana neman ma'aikata a jirgi, albashi da dala. Matasanmu da dama sun fara sa ido a kan wannan aiki, kuma tambayar da ake ta maimaita min ita ce: wai jiragen nan in guguwa ta same su a tsakiyar ruwa, yaya ake ƙarewa?

Bari in fara ba ku amsar a dunƙule, sannan mu warware ta. A Hausa muna da hadari, wanda ke haɗowa a sama, muna kuma da haɗari, wanda ke cin rai. A teku hadari kullum yana nan, babu mai hana shi. Amma in ka bi labaran jiragen da suka shiga uku, za ka ga abin da ya mayar da hadarin ya zama haɗari galibi abu biyu ne: shawarar da kyaftin ya yanke, da kuma lafiyar injin.

Mu fara da jiragen kansu, don ku san girman abin da ake magana a kai. Akwai wani mai suna Icon of the Seas da ya fara aiki a watan Janairun 2024. Tsawonsa kusan mita 365, wato ka jera filin ƙwallo uku ka ƙara da rabi. Yana da hawa 20, in ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja kusan 7,600, ban da ma'aikata sama da 2,000. Irin wannan yawanci zagayen mako guda yake yi a Karibiyan, yau wannan tsibiri, gobe wancan. Amma akwai tafiye-tafiye masu dogon zango. Jirgin Queen Mary 2 yana kwana bakwai daga Sawthamton a Ingila zuwa Niyok ba tare da ya tsaya ko'ina ba. Akwai masu zagaya duniya, da sukan tashi a watan Janairu su shafe kwana 100 ko fiye. Sannan duk shekara a watan Oktoba da Nuwamba, jiragen da suka yi bazara a Bahar Rum sukan tsallaka Atlantika su koma Fulorida, tafiyar kusan mako biyu, a ciki akwai kwana shida ko bakwai a jere da ba ka ganin komai sai ruwa da sama.

A irin wannan doguwar tafiyar ne yanayi yake zama babbar magana. Wanda ke zagayen tsibirai, in teku ya ɓaci akwai tashar da zai fake nan kusa. Wanda ke tsakiyar Atlantika kuwa babu inda zai fake, kuma jirgi mai saukar ungulu ba ya iya zuwa fiye da 'yan ɗaruruwan kilomita daga gaɓa. Jirgin da mutanen cikinsa, su kaɗai ne da halinsu.

To yaushe ne lokacin guguwa? A Tekun Atlantika, a hukumance yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, kuma abin ya fi ƙamari daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba, ƙololuwarsa wajen 10 ga Satumba. A matsakaicin lissafi, shekara kan zo da guguwa 14 da ake raɗa wa suna, bakwai daga ciki su girma su zama mahaukaciyar guguwa, uku kuma su zama manya na gaske. Ana raɗa wa guguwa suna ne in iskarta ta kai gudun kilomita 63 a awa, ta zama mahaukaciya in ta kai 119. Mafi muni, wadda ake sa wa mataki na biyar, tana wuce kilomita 250 a awa. A kudancin Pasifik da gefen Ostireliya kuma lokacin nasu daga Nuwamba ne zuwa Afrilu, wato daidai lokacin da masu zagaya duniya ke ratsawa ta can. Ka ga in tafiya ta yi tsawo, da wuya ka kauce wa daminar kowa.

Yanzu ga abin da zai ba ku mamaki. Da yawa daga cikin manyan guguwar da ke rusa gidaje a Amurka da Karibiyan, a kanmu suke fara wucewa. Kun san a garuruwanmu in damina ta kankama, hadarin da ake tsoro daga gabas yake tasowa. Wannan ba camfi ba ne. A lokacin damina akwai wata iska mai ƙarfi a sama da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma a saman yankin Sahel, tana ɗauke da tarin hadari da ke tasowa tun daga wajen tsaunukan Habasha da Darfur. Duk bayan kwana uku zuwa biyar sai wani tarin ya biyo, ya ratsa Chadi, Nijar da arewacin Najeriya, ya wuce Mali, ya faɗa teku ta Senegal ko Gini. Yawancinsu a can suke mutuwa. Amma in ɗaya ya tarar da ruwan teku mai ɗumi, digiri 26 da rabi ko fiye, ga danshi, kuma iskar sama ba ta yayyaga shi ba, sai ya fara juyawa yana shan ƙarfi daga tururin ruwan. Ƙurar Sahara kuwa, in ta yi yawa a saman tekun, busasshiyar iskarta kan shaƙe shi tun yana jariri.

Misali, guguwar Irma ta 2017. A ƙarshen Agusta ta bar gaɓar Afirka ta Yamma a matsayin tarin hadari kawai. Ranar 30 ga Agusta aka raɗa mata suna a kusa da tsibiran Kef Bad. Zuwa 6 ga Satumba ta kai mataki na biyar, ta daidaita tsibirin Barbuda da San Matin, ranar 10 ga wata kuma ta shiga Fulorida. Wato ruwan da ya hana wani zuwa kasuwa a Zinder ko Katsina a watan Agusta, zai iya zama kakan guguwar da za ta rufe tashar jiragen ruwa a Miyami bayan mako biyu.

To da Irma ta zo, jiragen yawo nawa suka nutse? Ko ɗaya. Dalilin kuwa mai sauƙi ne. Mahaukaciyar guguwa, duk da iskar cikinta na gudun fitar hankali, ita kanta tafiyar hawainiya take yi, a yankin zafi galibi kilomita 15 zuwa 30 a awa. Jirgin yawo kuma yana iya yin kilomita 40 a awa. Ga tauraron ɗan'adam na kallonta dare da rana, ga cibiyar lura da guguwa ta Amurka da ke Miyami na fitar da sabon bayani duk bayan awa shida, tare da hasashen inda za ta bi nan da kwana biyar. Saboda haka jirgi ya ganta tun daga nesa, kuma ya fi ta sauri. Abin da ake yi kawai shi ne a canza hanya. Wanda zai je gabashin Karibiyan sai ya koma yamma wajen Meziko, wani a ƙara masa kwana a teku, wani a soke tafiyar gaba ɗaya. Bayan Irma ta wuce ma, wasu jiragen yawon aka mayar da su na kai agaji da kwaso mutane daga tsibiran da ta rusa.

Saboda haka a lokacin mahaukaciyar guguwa, abin da ya fi samun fasinja shi ne ɓacin rai. Ka biya kuɗi don ganin wani tsibiri, an kai ka wani daban. Kuma in ka karanta sharuɗɗan tikitin, waɗanda yawancinmu ba ma karantawa, za ka ga kamfani ya riga ya rubuta cewa yana da ikon canza hanya ko tsallake tasha saboda yanayi, ba tare da ya biya ka diyya ba, sai dai a mayar maka da kuɗin harajin tashar da ba a je ba. Shi ya sa tikitin Satumba da Oktoba yake sauƙi. Araha dai ba ta ado.

Yawwa. To in haka ne, bidiyon nan na kujeru masu yawo fa, daga ina suke fitowa? Da yawansu daga guguwar hunturu ne, wadda ba ta da suna mai ban tsoro. A arewacin Atlantika da tekunan Turai, daga Oktoba zuwa Maris, ana samun iska mai faɗin gaske, wadda za ta iya rufe yankin da ya fi Najeriya girma, kuma tana tafiya da sauri, wani lokaci ta ƙara ƙarfi cikin kwana ɗaya. Irin wannan ba kullum ake iya zagaye ta ba.

Ku gane yadda igiyar ruwa ke girma. Abu uku ke gina ta: ƙarfin iska, tsawon lokacin da ta ɗauka tana kaɗawa, da kuma nisan filin ruwan da ta ratso ba tare da ƙasa ta tare ta ba. Ma'aikatan jirgi suna auna iska da wani ma'auni da wani hafsan sojan ruwan Birtaniya mai suna Faransis Bofot ya tsara a 1805, daga 0 zuwa 12. A mataki na 8 igiya kan kai mita biyar da rabi zuwa bakwai da rabi, wato tsayin bene mai hawa biyu. A mataki na 10 tana kai mita 9 zuwa 12. A mataki na 12 kuwa ta wuce mita 14, iska cike da kumfa, ba ka ganin gabanka.

Akwai wuraren da suka yi ƙaurin suna. Na farko Mashigin Biske, tsakanin Faransa da Sifen. Igiyoyi na tasowa tun daga tsakiyar Atlantika, su zo su tarar da inda ƙasan teku ya taso kwatsam daga zurfin dubban mita zuwa ƙasa da mita 200, sai su cunkushe su miƙe tsaye. A watan Nuwamban 2023 jirgin Spirit of Discovery, yana dawowa Ingila daga tsibiran Kanari da fasinja kusan 1,000, ya gamu da guguwa a nan. Na'urar kare injinsa ta kunna kanta, jirgin ya yi wata irin juyawa ba zato, mutum kusan 100 suka ji rauni. Na biyu Mashigin Direk, tsakanin ƙarshen Kudancin Amurka da Antatika, faɗinsa kusan kilomita 800, tafiyar kwana biyu. A can iska na zagaya duniya gaba ɗaya babu ƙasar da ta tare ta. A ƙarshen Nuwamban 2022 wata igiya ta fasa tagogin ɗakunan jirgin Viking Polaris yana komawa garin Ushuwaya na Ajantina, wata fasinja ta rasu, wasu suka jikkata.

Akwai kuma igiyar da ke zuwa ita kaɗai, ta ninka 'yan uwanta tsayi. Shekaru da yawa masana na ɗaukar labarinta a matsayin ƙarin gishirin matuƙa jirgi, sai ranar 1 ga Janairun 1995 wata na'ura a dandalin iskar gas na Draupner a Tekun Arewa ta auna ɗaya mai tsayin mita 25 da ɗigo 6, alhali sauran igiyoyin wajen mita 12 suke. A watan Satumban wannan shekarar kuma jirgin Queen Elizabeth 2 ya ci karo da wata da aka ƙiyasta ta kai mita 29 a arewacin Atlantika. Ya tunkare ta da goshi, injinsa na aiki, ya ratsa ya wuce, ya isa Niyok.

Ku riƙe wannan maganar: ya tunkare ta da goshi, injinsa na aiki. Jirgi an ƙera shi ne ya sari igiya da gabansa. Muddin injin na turawa, kyaftin zai iya juya goshin jirgin ya fuskanci igiya, ya rage gudu, a sha wahala amma a wuce. Da zarar injin ya mutu, iska za ta juya jirgin ya ba igiya haƙarƙarinsa, daga nan sai yadda ruwa ya yi da shi.

Abin da ya sami jirgin Viking Sky ke nan ranar 23 ga Maris, 2019. Ya taso daga Turomso a arewacin Norwe zai je Istabanga, da mutum sama da 1,370 a ciki. Ya iso wani wuri da ake kira Hustadbika, wanda ya shahara da duwatsu a ƙarƙashin ruwa, ana iska mai ƙarfi, igiyoyi sun kai mita 8. Kwatsam sai injinan suka mutu ɗaya bayan ɗaya, wuta ta ɗauke. Me ya kashe su? Baƙin mai. Eh, baƙin man nan dai da bakanike ke ce maka ka riƙa dubawa a mota ko babur. Man da ke cikin tankunan bai kai rabi ba, alhali masu ƙera injin sun ce ya kamata ya kai wajen kashi 70 cikin 100. A ruwa mai lafiya ba a ga matsala ba. Da jirgin ya fara tangaɗi sai man ya riƙa kwarara gefe, famfo ya ja iska a maimakon mai, injinan suka kashe kansu don kada su ƙone.

Iska ta riƙa tura jirgin wajen duwatsu. Aka saki anka, tana jan ƙasa. Kwale-kwalen ceto kuma ba su sakuwa a irin wannan ruwa, don sakin su ya fi zama a jirgin haɗari. Sai da aka yi minti 39 kafin injiniyoyi su samu ƙarfin da zai tura jirgin gaba, a lokacin tazarar da ta rage tsakaninsa da duwatsu ba ta wuce tsawon jirgin ba. Jirage masu saukar ungulu suka kwana suna zaro mutane ɗaya bayan ɗaya da igiya, har mutum 479. Washegari jirgin ya shiga tashar Molde. A ranar ba a rasa rai ba, amma hukumar binciken haɗurra ta Norwe, a rahotonta na 2024, ta ce tun farko bai kamata jirgin ya bar tasha ba, domin ɗaya daga cikin injinansa huɗu ba ya aiki, ga kuma hasashen guguwa a gaba.

Akwai wanda bai yi wannan sa'ar ba. Shi ba jirgin yawo ba ne, na dakon kaya ne, amma duk mai son fahimtar teku ya kamata ya san labarinsa. El Faro ya tashi daga Jaksonbil a Fulorida ranar 29 ga Satumba, 2015, zai je Fotoriko, a lokacin guguwar Joaquin na girma a kusa da Bahamas. Kyaftin ya dogara da bayanin yanayi da ya kwana biyu a ma'aunin guguwa, wato na sa'o'i da dama da suka wuce. Cikin dare mataimakansa biyu suka kira shi a lokuta daban-daban suna ba da shawarar a canza hanya, bai amince ba. Ruwa ya shiga, jirgin ya karkata, famfon baƙin mai ya daina ja, injin ya mutu. Da safiyar 1 ga Oktoba ya nutse da mutum 33, babu wanda ya tsira. An san duk wannan ne saboda an ciro na'urar naɗar muryoyinsu daga zurfin sama da mita 4,000 a shekarar da ta biyo baya. Hausawa na cewa in ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. A teku kyaftin na gari shi ne mai gudu da wuri, tun fasinja na gunaguni suna cewa ai sama garau take.

To mu dawo kan jikin mutum. Ko da jirgi lafiyarsa ƙalau, cikinka zai iya ƙin yarda. Tashin zuciyar teku yana zuwa ne saboda saɓani tsakanin ido da kunne. A can cikin kunne akwai abin da ke auna motsi da daidaituwar jiki, yana gaya wa ƙwaƙwalwa ana lilo, ido kuma na kallon bangon ɗaki yana cewa ai a tsaye muke. Sai jiri, sai zufa mai sanyi, sai amai. Duk wanda karatu a waya ya taɓa sa shi amai a motar haya ya san abin. Yawancin mutane jikinsu kan saba bayan kwana biyu ko uku.

Manyan jirage suna da wasu fukafukai da ke fitowa daga gefensu a ƙarƙashin ruwa, suna rage tangaɗin hagu da dama sosai. Amma ɗagawa da faɗuwar goshi, wannan ba su da maganinsa. Shi ya sa in kana da zaɓi, nemi ɗaki a tsakiyar jirgi kuma a hawa na ƙasa. Ku tuna lilon katako na yara, wanda ke tsakiya ai bai cika motsi ba, na baki-baki ne ke tashi sama. Abin dariyar shi ne ɗakuna mafi tsada galibi suna can sama ne ko a gaba, inda aka fi jijjiga. In zuciya ta fara tashi, ka fita inda iska take in an yarda a fita, ka kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa, ka ci abu mara maiƙo kaɗan-kaɗan, kada ka zauna da yunwa. Citta na taimaka wa wasu. Maganin asibiti kuma ya fi aiki in an sha kafin a fara jin jiri, amma a tambayi likita tukuna, musamman mai juna biyu ko mai shan wani magani.

In kuma an ce teku ya ɓaci, abin da ya fi raunata mutane shi ne faɗuwa, da ƙofa mai datse yatsa, da kayan da ba a ɗaure ba. Ka riƙe ƙarfe duk inda za ka, ka bar takalmi mai tsini, in kyaftin ya ce kowa ya zauna a ɗakinsa, ka zauna, ba lokacin ɗaukar bidiyo ba ne. Atisayen da ake yi kafin jirgi ya tashi, inda ake nuna maka wurin taruwa da yadda ake sa rigar ceto, kada ka ɗauke shi wasa. Bayan haɗarin Costa Concordia a Italiya a 2012, wanda ya ci rai 32, aka tsaurara doka cewa dole a yi shi kafin a tashi ko da zarar an tashi. In ka ji ƙaho gajere sau bakwai sannan dogo ɗaya, wannan kiran gaggawa ne. Sannan duk mai sayen tikiti a lokacin guguwa ya haɗa da inshorar tafiya tun da wuri, domin da zarar an raɗa wa guguwa suna, inshorar da ka saya bayan nan galibi ba ta biyan asarar da ta jawo.

Yanzu ga 'yan uwana masu neman aiki a jirgi, ku matso kusa. Fasinja in teku ya ɓaci kwanciya yake yi. Kai ma'aikaci a lokacin aikinka ke ninkuwa. Kai ne mai ɗaure kujeru, mai kwashe fasassun kwalabe, mai kai abinci ɗaki-ɗaki kana dafa bango, mai goge aman wani alhali naka cikin na juyawa. In a kicin kake, ga tukunyar tafasasshen ruwa, ga mai a wuta, ƙasa kuma na motsi. Kowane ma'aikaci, har mai wanke-wanke, yana da aikin da aka ba shi na ranar gaggawa, kuma sai fasinja sun fita kafin ya fita. Kwantiragin kan kai wata shida zuwa tara, ka ga ko ta yaya sai damina ɗaya ta same ka a ruwa.

A watan Oktoban 1998, da guguwar Mitch ta tunkaro, wani jirgin yawo mai filafilai da ake kira Fantome ya sauke fasinjojinsa lafiya a Beliz, sannan ya koma teku da ma'aikata 31 don a tsere da jirgin. Guguwar ta saɓa hasashe ta karkata kudu wajen Honduras, daidai inda suka je fakewa. Ba a sake ganin ko ɗaya daga cikinsu ba. Hasashen yanayi ya inganta ƙwarai daga wancan lokaci zuwa yau, amma darasin na nan: fasinja na iya sauka, ma'aikaci yana tare da jirgi.

Ban faɗi wannan don in kashe wa kowa gwiwa ba. Miliyoyin mutane na hawa jiragen nan duk shekara su sauka lafiya, dubban ma'aikata kuma na ciyar da iyalansu da wannan sana'a. Abin da nake so shi ne ka shiga da idonka a buɗe. Aikin jirgi na gaskiya sai da takardar horon kare kai a teku, inda ake koya maka kashe gobara, taimakon farko da yadda ake rayuwa a kwale-kwalen ceto, sai kuma gwajin lafiya. Yarjejeniyar ƙwadagon ma'aikatan ruwa ta duniya ta 2006 ta ba ka haƙƙin hutun aƙalla awa 10 a cikin kowace awa 24, ta kuma hana dillalan ɗaukar ma'aikata karɓar kuɗi a hannunka don sama maka aiki. Saboda haka duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya ba ka gurbi a jirgi, babu horo babu gwaji, ka san da wa kake magana. Kuma don Allah, in ba ka iya ruwa ba, ka je ka koya kafin ka cika fom.

Kafin mu rufe, in wata rana Allah ya kai ɗayanku cikin irin wannan jirgi, ko da tikiti ko da kakin aiki, sai kuka ji kyaftin ya yi sanarwa cewa an fasa zuwa tsibiri kaza, za a yi zagaye saboda yanayi, za ku ga mutane sun yi dafifi a teburin karɓar baƙi suna faɗa, a mayar musu da kuɗinsu. Kada ku bi sahunsu. Mutanen El Faro 33, abin da mataimakan kyaftin suka roƙa musu a daren ke nan, a yi zagaye.

Nan za mu dakata a yau.  Wanda ya san wani da ke shirin neman aikin jirgi, ya tura masa wannan ya karanta. Allah ya tsare matafiya na tudu da na ruwa, sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.